Ƙungiyar matan masu tsaron gidan kaso: wa ke shugabancinta, kuma wa take yi wa aiki?

A watan azumi da gabanin sallah, mazauna Damagaram sun saba jin labari a rediyo cewa wasu mata sun kai buhunan hatsi da sabulu da tabarmi gidan kaso, wani lokaci kuma a ce matan jami'an tsaro ne suka haɗa gudummawar. Masu kama tashoshin Kano da Katsina suna jin makamancin haka daga Najeriya, inda matan ma'aikatan gidan yari suke da ƙungiya guda mai rassa a jihohi. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne matsayin irin wannan ƙungiya: ta gwamnati ce ko ta sa-kai, wane ne ya ɗora shugabarta a kan kujera, kuma ko matar da aka tsare mijinta tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a can.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa waɗannan tambayoyi nauyi a Nijar. Na farko shi ne dokokin ranar 31 ga Maris 2017, waɗanda suka sake fasalin tafiyar da gidajen kaso kuma suka tanadi ma'aikata na musamman da za su riƙe su. Na biyu shi ne tafiyar ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya, wato CICR, wadda hukumomi suka umarta da ta bar ƙasar a watan Fabrairu na 2025, ta kuma sanar da rufe ofisoshinta a watan Yuni na 2025. Ziyartar waɗanda ake tsare da su da sada su da danginsu na cikin ayyukan da aka san ta da su, saboda haka ido ya ƙara komawa kan masu taimako na cikin gida.

Su wane ne masu tsaron kaso a Nijar

Gidajen kaso na ƙasar nan suna ƙarƙashin ofishin ministan shari'a, amma waɗanda ke tsaye a ƙofa shekara da shekaru askarawan Garde Nationale ne, wato gardi, kuma su suna ƙarƙashin ofishin ministan cikin gida. Rundunar ta sha canjin suna: a da ana kiranta Garde Républicaine, a 1997 ta shiga cikin abin da aka sa wa suna FNIS, a 2010 kuma ta koma Garde Nationale. Shugaban gidan kaso, wanda ake kira rejisa, daga cikinsu ake ɗauko shi. Sai dai tsaron kaso ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan rundunar, domin ita ce ke gadin gine-ginen gwamnati da manyan jami'ai, kuma ana tura askarawanta fagen daga a jihohin Diffa da Tillabéri. Gardin da ke ƙofar kaso a Damagaram bana yana iya kasancewa a wani sansani mai nisa baɗi.

Dokar 2017-08 ta shimfiɗa ginshiƙan tsarin gidajen kaso, ita kuma 2017-09 ta ba ma'aikatan gidan kaso matsayi nasu na kansu, ana horar da su a makarantar koyon aikin shari'a ta ƙasa da ke Yamai. Sauyin yana tafiya a hankali, kuma har yanzu gardi ne ake gani a yawancin gidajen. Ma'anar wannan ita ce, idan an ce matan masu tsaron kaso a Damagaram ko Magaria ko Matamai ko Gure ko Tanut, galibi ana nufin matan gardi ne da ke zaune a bariki ko cikin unguwanni, waɗanda haɗuwarsu ta girmi zancen taimakon ƴan kaso: adashi, gudummawar biki da suna, ta'aziyya, da tallafa wa wadda aka tura mijinta daji.

A ido na doka, irin wannan taro bai zama ƙungiya ba sai ya bi dokar 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda ke tsara ƙungiyoyi a Nijar. Dokar tana bukatar a rubuta ƙa'idojin ƙungiya, a bayyana sunayen shugabanninta, a kai takardu ga hukuma, sannan a sami izinin ministan cikin gida. Ƙungiyar da ta sami wannan izini ba reshen gwamnati ba ce, ba ta da iko a kan rejisa ko alƙali, kuma shugabarta ba ta cikin jerin masu ba da umarni a gidan kaso, ko da kuwa mijinta ne ke saman jerin.

Salon da ya yi suna a maƙwabta

A Najeriya ne wannan tsari ya fi kafuwa. Matan hafsoshin sojan ƙasa suna da ƙungiyar NAOWA, matan ƴan sanda suna da POWA, matan ma'aikatan gidan yari kuma sun daɗe da tasu, wadda aka sani da PROWA a da. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, ta kuma raba aikinta gida biyu, na tsarewa da na hukuncin da ba ya bukatar kulle mutum. Al'adar da waɗannan ƙungiyoyi suka ginu a kanta ita ce matar shugaban hukuma ta zama shugabar ƙungiya ta ƙasa, matar shugaban hukumar a jiha kuma ta riƙe reshen jiha. Ba a takara, ba a ƙuri'a. Maryam Babangida ta shugabanci NAOWA ne lokacin da mijinta yake babban hafsan sojan ƙasa, kafin ya karɓi mulki a 1985, kuma daga baya ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Misalinta ne ake yawan kawowa idan ana son nuna nisan da irin wannan kujera ke iya kai mai ita.

Muƙamin miji ko ƙuri'ar mambobi

A nan ne ainihin saɓanin yake. Masu goyon bayan a bar wa matar shugaba kujera suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Gidan kaso wuri ne da ba a shiga sai da izini, kuma kayan da za a shigar sai an bincike su; matar rejisa ko ta kwamanda tana samun amsa cikin yini guda a inda wata za ta yi mako tana zarya. Ƴan kasuwa da manyan gari sun fi saurin buɗe hannu idan ita ce ta aiko takarda. Akwai kuma batun zaman lafiyar bariki: inda maza ke rayuwa da girman muƙami, zaɓe tsakanin matansu na iya jawo ɓangaranci, har rikicin ya tsallaka zuwa wurin aiki. A ganinsu, bin tsarin muƙami yana rufe ƙofar gasa tun kafin ta buɗe.

Masu son a yi zaɓe suna kallon wani gefen. Kujerar da aka samu ta dalilin muƙamin miji tana tashi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, kuma a rundunar da ake yawan juya mutane wannan ba ya daɗewa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Sabuwar shugaba takan zo da nata shiri, kekunan ɗinkin da ta gabata ta saya su yi ƙura a ɗaki, littafin kuɗi kuma wani lokaci ya bi tsohuwar zuwa garin da aka mayar da mijinta. Sannan ba kowace matar babba ce ke da sha'awa ko lokacin wannan aiki ba, alhali a cikin matan ƙananan askarawa akwai malaman makaranta da ungozomomi da ƴan kasuwa da suka iya riƙon lissafi, amma ba su da hanyar hawa.

Hujjarsu mafi nauyi ta shafi bakin magana. Matar ƙaramin gardi da ta ga an karkatar da kuɗin zubi ba za ta iya tsayawa a taro ta tuhumi shugaba ba, domin mijin shugabar ne ke rubuta wa mijinta rahoton aiki, kuma yana da baki a kan inda za a tura shi. Shirun da ake gani a irin wannan taro ba lallai ne ya zama yarda ba. Haka nan kuɗin zubi da aka ce na ganin dama ne yakan koma tilas a aikace, tunda ba wadda ke son a ce gidanta ne kaɗai bai bayar ba. Da yake gardi, kamar soja, ba su da sandika kuma ba sa yajin aiki, ƙungiyar matansu na daga cikin ƴan kafofin da koken iyali kan gidajen bariki ko jinkirin haƙƙin mamaci ke iya bi ya kai sama, kuma kafar tana toshewa idan wadda za ta ɗauki koken ita ce matar wanda ake kuka da ofishinsa.

Tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu akwai tsarin da ƙungiyoyi da dama a Nijar suka sani, wato a ba matar shugaba matsayin uwar ƙungiya ko shugabar girmamawa, ta buɗe ƙofofi ta jagoranci bukukuwa, amma mambobi su zaɓi biro da ke gudanar da aiki, da magatakardiya da ma'ajiya da masu binciken kuɗi, na wa'adin da aka rubuta. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma ana karanta lissafi a babban taro. Tsarin ba ya kawar da nauyin muƙami gaba ɗaya, domin da wuya ma'ajiya ta ce a'a idan uwar ƙungiya ta nemi abu, amma yana barin rubutu da wadda ta gaje kujera za ta tarar. Daga cikin hanyoyin uku, shi ne ya fi dacewa da abin da dokar 1984 ke nema, tunda ita dokar shugabanni masu suna da ƙa'idoji rubutattu ta sani.

Akwai wata ƴar tambaya da ke biyo baya: a yau akwai mata a cikin Garde Nationale da cikin sababbin ma'aikatan kaso. Mazajensu ba su da gurbi a ƙungiyar matan ma'aikata, kuma idan mace ce ta zama shugabar gidan kaso, al'adar bin muƙami ba ta da amsar wanda zai hau kujera. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya ma sai an yanke wadda za ta wakilci muƙamin maigida.

Iyali biyu, asusu ɗaya

Idan aka ce ƙungiya tana taimakon iyalai, ya kamata a tambaya waɗanne. Akwai iyalan ma'aikata: gwauraye da marayun askarawan da suka mutu a bakin aiki, waɗanda sukan bar gidan bariki bayan rasuwar, su shiga haya da kuɗin makaranta kafin takardun fansho su fito. Don su aka fara zubi, kuma mambobi na ganin su ne farkon masu haƙƙi. Akwai kuma iyalan ƴan kaso, waɗanda ba sa zubi kuma ba su da murya a taro, amma halin da suke shiga ba ya ɓuya. Magidancin da aka tsare ya bar gona ko kabu-kabu ko teburin kasuwa, matarsa kuma ta ɗauki ciyar da gida haɗe da kai kwano gidan kaso, domin abincin ciki ba ya isar da yawa daga cikinsu. Idan daga ƙauyen Tanut take, garin da ke da nisan kusan kilomita 140 daga Damagaram, kuma a birni ake tsare da shi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya mayar da ziyara abin wata-wata. Yara sukan bar makaranta su koma talla, sunan gidan kuma ya ɓaci a unguwa tun kafin alƙali ya yi magana.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, saboda rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke gidajen kaso na Nijar jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. A Damagaram, inda rikicin matasan da ake kira ƴan pale ya yi suna a unguwanni irin su Kara-Kara, da yawa daga cikin masu shiga da fita matasa ne marasa sana'a tsayayya, iyayensu kuma ba su san ƙofar da ake bi a nemi lauya ba.

Ƙungiyar da ba ta rubuta kason kowane ɓangare ba takan karkata zuwa inda shugabar lokacin ta fi so. Wata ta fi son rabon da ake ɗauka a kyamara ranar sallah, wata ta fi son biyan kuɗin makarantar marayun bariki a ɓoye. Dukansu alheri ne, kuma addini ya ambaci duka biyun: aya ta 8 ta suratul Insan ta jera miskini da maraya da kamamme a cikin waɗanda ake ciyarwa. Matsalar ita ce ba wanda zai iya dogara da taimakon da alƙiblarsa ke juyawa da kowane canjin ma'aikata.

Iyakar sadaka da farkon haƙƙi

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a watan Disamba na 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun fayyace cewa ciyar da ɗan kaso abinci mai gina jiki aikin hukumar kaso ne, kula da lafiyarsa kuma nauyi ne a kan gwamnati. Sun ba shi damar hulɗa da danginsa, sun ce ɓangaren mata ya kasance a hannun ma'aikaciya mace. Ƙa'idojin Bangkok na 2010 sun ƙara bayani kan mata masu ciki da masu shayarwa, sun kuma ce yaron da ke zaune da uwarsa a kaso ba fursuna ba ne, ba za a ɗauke shi a matsayin fursuna ba. A nahiyar Afirka, sanarwar Kampala ta 1996 da ta Wagadugu ta 2002 sun yi magana a kan cunkoso da tsawon jiran shari'a.

Waɗannan ƙa'idoji ba su hana taimakon jama'a ba, hasali ma suna ƙarfafa a haɗa kai da ƙungiyoyin gari wajen mayar da wanda ya fito cikin al'umma. Abin lura shi ne inda taimakon ya fi amfani da inda yake rufe giɓin da bai kamata a rufe a ɓoye ba. Buhun gero da aka kai yau zai ƙare cikin kwanaki, kuma idan aka saba da shi, ƙarancin kasafin abinci ya daina bayyana. Akasin haka, akwai abubuwan da matan ma'aikata suka fi kowa dacewa da su: audugar mata da kayan jarirai a ɓangaren mata, koyar da ɗinki ko saƙa ko haɗa sabulu, sanar da dangin wanda aka kawo daga nesa inda yake, da nuna wa iyali hanyar ANAJJ, hukumar da dokar Disamba 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a gaban shari'a. Mutane da yawa ba su san cewa akwai wannan hukuma ba, kuma faɗa musu ba ya cin ko dala.

Akwai kuma aikin da ƙungiyar matan ma'aikata ba za ta iya ba, komai kyan niyyar shugabarta, shi ne sa ido. Idan ɗan kaso yana da kuka kan duka ko karɓar kuɗi a ƙofa, da wuya ya faɗa wa matar wanda yake kuka da shi, ita ma da wuya ta kai maganar gaba. Wannan aikin alƙalai ne da doka ta ɗora wa ziyartar gidajen kaso, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam a Nijar. Hoton rabon kaya ba shaida ba ne cewa an duba halin da ake ciki a ɗakunan kwana.

Wa ke zaɓen wanda za a taimaka

Biyan tara ko bashi domin a saki mutum na cikin ayyukan da suka fi jan hankali, kuma malamai suna kafa hujja da cewa masu bashi na cikin waɗanda aya ta 60 ta suratut Tauba ta ba rabon zakka. Amma kuɗin ba ya isa kowa, don haka sai an zaɓa. Idan ma'aikatan kaso ne kaɗai ke ba da sunaye, matansu kuma ke biya, zaɓin na iya faɗawa kan wanda ya iya biyayya ko wanda danginsa suka san wani, ba wanda ya fi bukata ba. Ko da ba a yi son kai ba, zargin kaɗai ya isa ya ɓata sunan ƙungiya, ya kuma koya wa iyalai cewa sanayya ce hanya. Daga nan ne masu damfara ke samun kasuwa, su karɓi jikkuna a hannun uwa da sunan za su kai maganar ɗanta wurin matar babba.

Abin da ke rage wannan haɗari sananne ne: a rubuta sharuɗɗa tun kafin a ga sunaye, a sa magatakardan kotu da ma'aikatan jin daɗin jama'a su tabbatar da jerin, a biya kuɗin a inda doka ta ce a karɓi rasit. Ya kamata iyalai su san cewa sakin mutum yana hannun kotu, ko a afuwar da shugaban ƙasa ke yi, ba ya hannun wata ƙungiya. Haka kuma ɗaukar hoton fuskokin ƴan kaso ranar rabo a watsa a Facebook yana bin mutum har bayan fitarsa, musamman wanda daga baya kotu ta wanke.

Abin da sauyin ma'aikata zai iya kawowa

Idan sababbin ma'aikatan da dokar 2017-09 ta tanada suka karɓi gidajen kaso sosai, matansu da mazajensu za su zama rukuni dabam da matan gardi. Aikinsu na kaso ne kaɗai, don haka ana iya tsammanin ƙungiyarsu ta fi daɗewa a kan batun ƴan kaso fiye da wadda hankalinta ya rabu tsakanin ƙofar kaso da fagen daga. A ɗaya gefen, yawansu ba zai kai na gardi ba, asusunsu zai fi ƙanƙanta, kuma kusancinsu da hukumar da ke riƙe da makullai zai fi na yanzu ƙarfi, abin da ke ƙara bukatar raba kujerar girmamawa da ta riƙon kuɗi.

Ga ɗan kaso da iyalinsa, wata dokar ta ranar 31 ga Maris 2017 na iya fin duk wannan tasiri, wato 2017-05, wadda ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi hukuncin yi wa jama'a aiki ba tare da biya ba a maimakon kulle shi. Hukuncin yana bukatar wuraren da za su karɓi mutum su sa masa ido, kamar ma'aikatun magajin gari da asibitoci da ƙungiyoyin da aka amince da su. Ƙungiyar da ke da izini da biro tsayayye da littafin lissafi na iya neman shiga cikin wannan aiki ko taimaka wa wanda ya fito da jarin fara sana'a, alhali wadda takardunta ke canja hannu da kowane canjin kwamanda ba ta da abin da za ta nuna wa kotu ko ma'aikatar magajin gari a kan wanda zai ɗauki alhakin yarjejeniyar shekara mai zuwa.